Tsadar Citta: Yadda Ruɓar Gonakin Kudancin Kaduna Ta Iso Tukunyar Kunu a Ƙauyukan Kano da Jigawa

Duk matar da ke dama fura ko kunun sayarwa a ƙauyukan Kano da Jigawa ta san lokacin da abin ya canza. Daga ƙarshen 2023, ƙullin cittar da mai kayan yaji ke miƙo wa yarinya ya fara ƙanƙancewa. Yatsu huɗu suka koma biyu, biyu suka koma ɓari guda. Uwar gida ta kwance ledar, ta tambayi yarinyar ko ta zubar a hanya ne. Ranar kasuwa ta je da kanta. "Malam, wannan ce ta kuɗin nan?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Wallahi Iya, haka muka saro ta."

Daga nan bayanai suka yi yawa. Wani ya ce dala ce. Wani ya ce manyan 'yan kasuwa ne suka kulle ta a sito. Wani ya ce ana lodin ta zuwa ƙasashen waje. Wasu kuma sun ji a rediyo cewa ciwo ne ya faɗa wa gonaki a Kaduna. Kowane bayani yana da ƙamshin gaskiya, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma ɗaya daga cikinsu ne kawai ke bayyana dalilin da ya sa tsadar ta ƙi wucewa bayan kaka ɗaya, kamar yadda tsadar tumatir ko albasa ke wucewa.

Wace cittar ake nufi?

A bakin Bahaushe citta iri biyu ce. Akwai citta mai yatsu, wadda ake haƙowa daga ƙasa, ita ce ta fura da zoɓo da shayi, kuma ita wannan sharhi ya shafa. Akwai kuma citta mai 'ya'ya, mai ƙananan ƙwayoyi cikin kwanso, wadda ake samu a dazukan kurmi na Afirka ta Yamma. Masana tsirrai sun sa su a dangi ɗaya, tare da gangamau, wanda wasu ke kira kurkum. Masoro da kimba da kanumfari kuwa abokan zama ne kawai a cikin turmin yaji, ba 'yan uwan citta ba ne.

Asalin citta mai yatsu kudu maso gabashin Asiya ne. Abin da muke daka ɗin nan ba saiwa ba ce, ko da yake a ƙasa yake. Kara ne da ke kwance a cikin ƙasa yana kumbura, yana fitar da idanu kamar na dankalin Turawa, kuma daga idanun nan ne sabon tsiro ke fitowa. Ya kamata a riƙe wannan bayani, domin a kansa duk matsalar ta rataya.

Daga ina take zuwa mana?

Nijeriya na cikin ƙasashen da ke sahun gaba a noman citta a duniya, bayan Indiya wadda ita ce kan gaba. Amma noman bai bazu a ƙasar ba. Mafi yawansa yana kudancin Jihar Kaduna ne: Kachiya, Jaba, Kagarko, Jema'a da Zangon Kataf, sai ɗan abin da ake yi a Nasarawa da Filato da wasu wurare. Tun wajejen 1927 aka fara nomanta domin kasuwa a wannan yanki, wanda a lokacin mafi yawansa yake cikin Lardin Zariya. Iri biyu manoman can suka fi sani, kuma duka sunayen Hausa gare su: Tafin Giwa, mai faɗi da launin ɗorawa a ciki, da Yatsun Biri, siririya mai duhu da zafi. Cittar Nijeriya ta yi suna a kasuwannin waje saboda zafinta da yawan man da ke cikinta.

Ana shuka ta ne a Afrilu zuwa Mayu, a rufe kunyar da ciyawa ko ganye, a yi ta cire ciyayi da hannu, sannan a fara haƙa daga wajen Nuwamba. Wata bakwai zuwa tara ke nan tana ƙasa. Bayan haƙa sai a tsaga, a shanya. Buhu huɗu zuwa biyar na ɗanya ne ke ba da kwatankwacin nauyin buhu ɗaya na busasshiya. Daga kasuwannin yankin motoci ke ɗauko ta zuwa Kano, musamman Dawanau a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, inda take haɗuwa da riɗi da zoɓo a hannun masu fitar da kaya waje. Daga Kano kuma 'yan sari ke rarraba ta zuwa Wudil, Gujungu, Haɗeja, har Maigatari ranar Alhamis, inda wata ke tsallakawa Nijar. Kafin ɓarin citta ya isa teburin mai kayan yaji a ƙauye, ya bi hannu huɗu ko biyar.

Abin da ya faru a daminar 2023

A tsakiyar daminar 2023 manoman kudancin Kaduna suka fara ganin ganyen citta yana komawa ruwan ɗorawa, yana yanƙwanewa, karan yana faɗuwa. In an tona ƙasa sai a tarar da yatsun sun yi laushi suna wari. Cikin 'yan makonni gona guda takan tafi, ta maƙwabci ta bi. Hukumomi sun bayyana cutar a matsayin ta dangin fumfuna, irin ƙwayoyin da ke zaune a ƙasa, masu son laima da ɗumi. Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta ƙiyasta asarar a kan naira biliyan 12. An kafa kwamitin yaƙi da annobar, kuma a 2024 Asusun Bunƙasa Noma na Ƙasa ya sanar da tallafin naira biliyan 1.6 domin farfaɗo da noman.

Irin wannan ruɓa ba baƙuwa ba ce ga masu noman citta a Indiya da sauran ƙasashe. Hanyoyin yaɗuwarta sanannu ne: ta cikin irin da aka shuka, ta ruwan da ke kwarara daga wata gona zuwa wata, da ƙasar da ke manne wa fartanya da ƙafa. Maimaita citta a gona ɗaya shekara da shekaru yana tara ƙwayoyin, kuma ko an daina shuka ta, sukan jima a ƙasar ba su mutu ba.

Irin citta ita ce cittar

Nan ne gizo ke saƙar. Manomin gero a Gumel ko Ɓaɓura, tiya biyu ko uku na iri sun ishe shi hekta guda, kuma in Allah ya ba da damina zai ɗaure dammuna masu yawa. Ko fari ya cinye gonarsa bana, ɗan abin da ya rage a rumbu ko wanda ya aro wajen ɗan'uwa zai mayar da shi gona baɗi. Citta ba haka take ba. Ba a shuka ta da ƙwaya. Ita kanta cittar ake yayyankawa, kowane yanki da idonsa, a binne. Hekta guda na cin ɗanyar citta wajen tan ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma abin da ake haƙowa bai cika wuce ninki goma na abin da aka binne ba, sau da yawa ma bai kai ba.

Ke nan cutar da ta cinye amfanin 2023 ta cinye irin 2024 a lokaci guda. Manomin da ya tsira da ɗan abu sai ya shiga tsaka mai wuya: ya sayar a farashin da bai taɓa gani ba ya biya bashi, ko ya ajiye ya sake binnewa a ƙasar da bai tabbatar ta warke ba. Wanda ya rasa komai kuma dole ya sayi iri a farashin kasuwa, ya yi gogayya da mai fitarwa waje da mai shayi a kan buhu ɗaya, sannan ba shi da tabbacin irin da ya saya ba ya ɗauke da cutar, domin ɓarin citta na iya zama lafiya lau a ido alhali ƙwayoyin na ciki. Da yawa sun haƙura sun koma masara, ko gangamau, ko wani abu. Ƙari a kan haka, matsalar tsaro da satar mutane a sassan Kachiya da Kagarko da Kajuru ta sa wasu gonakin nesa da gari ba sa nomuwa.

Shi ya sa farfaɗowar ke tafiyar hawainiya. Ko da cutar ta ɗauke gaba ɗaya yau, sai an yi damuna da dama ana mayar da kaso mai tsoka na amfanin cikin ƙasa kafin gonakin su koma yawansu na da. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya, wadda citta ke ƙarƙashin kulawarta, da sauran masana, suna nuni ga hayayyafar iri mai tsabta a ɗakin gwaji. Hanya ce da aka tabbatar tana aiki, sai dai tsiron da ya fito daga kwalba yana buƙatar zagaye fiye da ɗaya a ƙasa kafin ya zama irin da za a raba wa dubban manoma.

Rabon dala da man fetur

Masu cewa dala ce ba su yi ƙarya ba. Cutar ta zo ne a shekarar da aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni. Dalar da hukuma ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024. Citta kayan fitarwa ce, farashinta na bin abin da mai saye a Indiya ko Dubai ko Turai zai biya. Idan naira ta faɗi, dalar da ya saba biya sai ta zama naira mai yawa, dillali a Dawanau ya ɗaga tayinsa, mai sayen tiya ɗaya kuma dole ya bi. Kuɗin mota daga Kachiya zuwa Kano, da daga Kano zuwa ƙauye, shi ma ya hau.

Amma akwai ma'auni mai sauƙi na gane rabon kowanne. Kanumfari daga waje ake shigo da shi, dala ta taɓa shi kai tsaye. Riɗi da zoɓo su ma kayan fitarwa ne, mota ɗaya suke hawa. Duk sun yi tsada, sai dai citta ta yi musu fintinkau. Wannan tazarar ita ce rabon cutar. Kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cittar da aka fitar waje ta ragu ƙwarai a 2024, abin da ke raunana zargin cewa 'yan waje ne suka kwashe ta. Ba a fitar da abin da babu.

Ɓoye kaya da batun hana fitarwa

Masu saye a ƙauye sun fi karkata ga zargin masu sito. Hujjarsu ita ce busasshiyar citta na shekara ba ta lalace ba, mai kuɗi na iya saye da kaka ya kulle har farashi ya kai inda yake so. Wannan gaskiya ne, kuma a shekarar ƙaranci ribar yin hakan na ƙaruwa. 'Yan kasuwa kuma suna cewa ajiya ita ce sana'ar: citta sau ɗaya ake haƙa ta a shekara, in babu mai ajiyewa ba za a same ta a watan Yuli ba, kuma wanda ya ajiye yana iya faɗuwa in farashi ya karye. Abin da za a iya cewa shi ne ajiya na ƙara tsananta tsadar da ta riga ta samu, amma ba ita ta ruɓar da gonaki ba.

Wasu na kira da a hana fitar da citta har sai ta wadata a gida. Akwai misali na kusa: a Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata shida, farashinsa ya faɗi nan take. Masu sarrafa man kaɗe sun ji daɗi, matan da ke tsintar ƙwaran a daji suka ji a jikinsu. A citta, irin wannan mataki zai iya sauƙaƙa wa mai fura na ɗan lokaci, amma farashi mai kyau shi ne kusan abu ɗaya da ke jan manomin da ya ƙone ya sake zuba jarinsa a ƙasa. Masu goyon bayan hanin suna da amsa: buhun da bai fita waje ba zai iya zama iri. Masu adawa kuma suna cewa wanda ake fitarwa busasshe ne, busasshiyar citta kuwa ba ta tsira. A wannan gaɓa hujjar masu adawa ta fi ƙarfi, ko da yake farashin busasshiyar ne ke sa manomi ya tsaga ya shanya maimakon ya ajiye ɗanya.

Citta a matsayin magani: me aka tabbatar?

Buƙatar citta ba ta tsaya a girki ba, shi ya sa tsada ba ta kore ta daga gidaje ba. Yajin jego ba ya haɗuwa sai da ita. Mai mura zai nemi shayin citta da lemun tsami da zuma. A 2020, lokacin korona, haɗin citta da tafarnuwa ya zama ruwan dare. Masu maganin gargajiya da na Musulunci suna sa ta a haɗe-haɗe da yawa, wasu suna kafa hujja da ambaton zanjabil a Suratul Insan, aya ta 17. Ayar tana siffanta abin shan 'yan Aljanna ne. Ba ta lissafa cututtukan da citta ke warkarwa ba, kuma jerin da ake ji a lasifikar kasuwa daga bakin mai tallan ya fito.

Zafin citta daga wani sinadari ne da ake kira jinjarol. In aka busar da ita ko aka dafa, wani sashensa na rikiɗewa zuwa shogawol, wanda ya fi shi zafi. Dalilin ke nan da busasshiya ta fi ɗanya yaji, kuma ba a musanya su awo da awo.

Inda binciken likitoci ya fi ƙarfi shi ne tashin zuciya, musamman na laulayin ciki. Gwaje-gwajen da aka yi sun yi amfani da wajen giram ɗaya na gari a yini, wato kusan rabin ƙaramin cokalin shayi, a rarrabe, kuma hukumomin lafiya a Ingila da Amurka suna ambaton ta cikin abubuwan da mai laulayi za ta iya gwadawa. Wannan bai haɗa da mai aman da ko ruwa ba ya zama a cikinta ba, ita asibiti za a kai ta. Akwai kuma shaida matsakaiciya kan rage ciwon mara na al'ada da ciwon gwiwa. A mura, tana ɗumama maƙogwaro, mutum ya ji sauƙi, amma ba a tabbatar tana kashe ƙwayar cutar ba. Batun suga da hawan jini kuwa ƙananan gwaje-gwaje ne da ba su kai a ajiye maganin asibiti ba. Zazzaɓin cizon sauro da taifot da nimoniyar yara ba aikin citta ba ne, kuma haɗarin a nan ba daga cittar yake ba, daga kwana ukun da ake ɓatawa ana dafa ta ne kafin a nemi gwaji.

Yawan da ake sa wa fura da miya ba shi da illa ga mafi yawan mutane. In ta yi yawa takan tayar da ƙwannafi, ta dami mai gyambon ciki. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, ya kamata su gaya wa likita in suna shan ta da yawa. A jego kuwa, abin da likitoci suka fi nuna damuwa a kai tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 shi ne yawan kanwa a kunu, ba citta ba. Ga masu sayen haɗin kwalba: lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a kan yawancin magungunan gargajiya na nufin an duba ba su da illa a fili, ba wai an tabbatar suna warkar da abin da aka rubuta ba, kuma akan rubuta hakan a jikin kwalbar da ƙananan baƙaƙe.

Za a iya noma ta a Kano da Jigawa?

Tsada ta sa matasa da yawa wannan tambaya, musamman da bidiyon noman buhu ya cika wayoyi. Citta na son ruwan sama mai yawa, wajen milimita 1,500 a shekara, da laima mai tsawo, da ƙasa mai taushi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Kewayen birnin Kano ba ya cika samun milimita 900, arewacin Jigawa bai kai haka ba, kuma daminar wata huɗu ce. Kudancin Kano, wajen Doguwa da Tudun Wada, ya fi kusa da abin da take so.

Ban ruwa na iya cike giɓin, a Kadawa ko kwarin Haɗeja, amma da sharuɗɗa. Laka mai riƙe ruwa ta fadama ita ce ainihin abin da ke jawo ruɓa. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana ƙone sabon tsiro in babu inuwa da rufi. Sannan wata tara da citta za ta riƙe gona, manomin rani zai iya cire shinkafa ya bi da alkama ko tumatir, ga kuɗin man injin ban ruwa na tsawon lokacin. Babban haɗarin kuma iri ne. Wanda ya sayi ɗanyar citta a kasuwa ya binne bai san gonar da ta fito ba, yana iya dasa wa ƙasarsa cutar da babu ita a da. Buhu biyar ko goma a inuwar gida, da ƙasa mai yashi da taki ruɓaɓɓe da huji a gindin buhun, gwaji ne mai ƙaramar asara, kuma in ta ruɓe ƙasar buhun kawai za a kwashe a kai nesa da gona. Sayar da tumaki a zuba a hekta guda a shekarar farko wata magana ce daban.

Abin da mai saye zai lura da shi

Kaya in ya yi tsada, algus na biyo baya, kuma garin citta ya fi sauƙin cuɗawa, domin ɗan garin hatsi da barkono na iya ɓoyewa a ciki. Masu fura da masu tsire da yawa sun riga sun rage citta sun ƙara barkono da masoro, abin da ke ba da zafi amma ba ƙamshin ba. Sayen tsagaggiya a daka a gida ya fi tabbas. Mai kyau takan karye ƙas, cikinta fari-fari ko ɗorawa, ƙamshinta ya bugi hanci tun kafin a kai ta baki. Wadda ke lanƙwasa ba ta bushe ba, ruwa ake sayar wa mutum a awo. Mai huji-huji da gari a gindin leda ƙwari sun riga sun ci rabonsu.

Wadda ta fi buƙatar kula ita ce mai baƙi-baƙi ko kore-kore a tsagin, mai warin rima. A shekarun wadata irin wannan tsince ta ake yi a zubar, a shekarun tsada kuwa ita ake niƙawa ta zama gari mai araha. Fumfunar da ke kama kayan da aka shanya a ƙasa ko aka ɗura a buhu da danshi na iya haifar da dafin afulatoksin, irin wanda ake samu a gyaɗa da masara, mai cutar da hanta a hankali, kuma tafasa ba ta kashe shi. Ga gidan da ke shirin haihuwa, wanda zai daka yajin jego mai yawa da mace za ta ci kullum har kwana arba'in, lokacin da ya fi dacewa a saya shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sabuwa ta shigo kasuwa, hunturu ya busar da ita sosai, a ƙara shanya ta a kan tabarma kwana biyu kafin a rufe a mazubi mai murfi.